Yaushe Mutum Yake Farawa? Magana a kan Tazarar Haihuwa a Gidan Mai Bi

Akwai wata tambaya da ake yi a ɓoye cikin gidajen masu bi da yawa. Ba a yin ta a majami'a. Mata sukan yi ta a hanyar rijiya, ko bayan an tashi daga taron zumunta, da murya ƙasa-ƙasa. Maza kuwa sukan haɗiye ta. Tambayar ita ce: ko ya halatta Kirista ya nemi maganin tazarar haihuwa? In matata ta karɓi allura a likita, mun kashe rai ke nan?

Ya ɗan'uwa mai karatu, wannan tambaya ce mai kyau. Wanda yake yin ta yana tsoron Allah. Amma kunya ta hana mu amsa ta, sai kowa ya bi abin da ya ji a kasuwa. Waɗansu sun guje wa abin da ba laifi a ciki, har lafiyar matansu ta lalace. Waɗansu kuma sun sha abin da yake da laifi, suna cewa ai jini ne kawai. Matambayi ba ya ɓata. Bari mu zauna da Littafi Mai Tsarki a hannu, mu dubi maganar a hankali.

Hanyar kakanninmu

Tazarar haihuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san ta. Mace in ta haihu, ba ta komawa shimfiɗar mijinta sai ta yaye, wato wajen shekara 2. Wadda ta yi ciki tana goyo, sai a ce ta yi rurrutsa, ko kunika, ana yi mata ba'a har a wurin daka. Tsofaffi sun gani da idonsu abin da yakan sami yaron da aka cire daga nono ba shiri: zawo, rama, tamowa, wani lokaci kabari.

Amma mu tuna da abu ɗaya. A wancan zamani maigida yana da mata 2 ko 3. In ɗaya tana goyo, yana da wani ɗaki. Mai bi kuwa matarsa ɗaya ce, haka Ubangiji ya shirya tun farko. Manzo Bulus kuma ya gargaɗi ma'aurata kada su ƙaurace wa juna, sai dai da yardar su biyu, na ɗan lokaci, domin kada Shaiɗan ya sami ƙofa (1 Korantiyawa 7:3-5). To, ka ga inda muka tsaya. Tsohuwar hanya ta haƙurin shekara 2 tana da wuya ga mai mace ɗaya. In kuwa ba a sami wata hanya ba, sai haihuwa ta bi haihuwa.

Binciken da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna mace takan haifi 'ya'ya fiye da 7 a rayuwarta, a jihohin Maraɗi da Damagaram ma fiye da 8. Binciken 2021 ya nuna an sauko zuwa wajen 6. Yawan ba shi ne babbar damuwata ba. Abin da yake kashewa shi ne kusanci. Masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara a 2005 sun ba da shawara mace ta jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani ciki, bayan ɓari kuma aƙalla wata 6. Sun ga in cikin ya zo da wuri, jariri yakan fito bakwaini ko ƙarami ƙwarai, jinin uwa yakan ragu, na baya kuma yakan rasa nono. Ashe abin da tsofaffinmu suka sani, shi ne likitoci suka auna suka tabbatar.

'Ya'ya kyauta ce, kyauta kuwa amana ce

Littafi Mai Tsarki bai taɓa kiran yaro kaya mai nauyi ba. Zabura 127 ta kira 'ya'ya gādo daga wurin Ubangiji, ta kwatanta su da kibau a hannun jarumi. Allah ya sa wa Adamu da Hawwa'u albarka su hayayyafa (Farawa 1:28). Saboda haka ma'auratan da suka ce ba su son yaro ko kaɗan, domin kada ya dame su, ko domin su tara dukiya, zuciyarsu ta karkace. Wannan a fili yake.

Amma a cikin ayar nan ta Farawa Allah ya kuma ɗora wa mutum aikin lura da duniya. Ya ba shi hankali. Ruwan sama kyautar Allah ce, duk da haka muna yi wa soro indararo. Hatsi kyautar Allah ce, duk da haka ba wanda yake zuba iri rami kan rami, sai ya taka ƙafa tsakanin wannan da wancan. Har ƙasa ma, Allah ya umarci Isra'ilawa su bar ta ta huta a shekara ta 7 (Littafin Firistoci 25). In gona tana da hakkin hutu, ina ga matar da ka ɗauka da alkawari a gaban Allah da jama'a?

Wani zai ce, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana masa abinci. Gaskiya ne Allah ne mai ciyarwa. Amma ta hannun wa yake ciyar da ɗanka? Ta hannunka ne. Bulus ya ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya fi marar bi muni (1 Timoti 5:8). Ubangiji Yesu da kansa ya yabi mai gini da yake zama ya yi lissafi kafin ya sa tushe (Luka 14:28). Lissafi ba rashin bangaskiya ba ne.

Wani kuma zai kawo labarin Onan (Farawa 38:8-10), wanda ya zubar da irinsa a ƙasa, Allah kuwa ya kashe shi. Ka karanta labarin duka. An ba Onan matar wansa marigayi domin ya ta da wa wansa zuriya. Ya karɓi matar, ya more ta, amma ya ƙi ba ta ɗa, domin ya san ɗan ba zai zama nasa ba. Ya ci amanar mamaci, ya zalunci gwauruwa. Mutumin da yake jinkirta ciki domin matarsa ta farfaɗo, jaririnsa kuma ya ƙoshi da nono, zuciyarsa ba irin ta Onan ba ce.

Ya kamata mu san cewa Kirista ba su zama baki ɗaya a kan wannan ba. Shekaru aru-aru ikilisiyoyi ba su yarda da hana ɗaukar ciki ba. A 1930 shugabannin ikilisiyar Angilikan suka taru a Lambeth, a Ingila, suka yarda ma'aurata su yi in akwai dalili mai ƙarfi, daga baya yawancin ikilisiyoyin bishara suka bi. A 1968 Paparoma Bulus na 6 ya rubuta wa 'yan Katolika cewa lissafin kwanaki kaɗai ya halatta gare su. Amma akwai abu ɗaya da dukansu suka riƙe: ran da ya riga ya fara, ba a taɓa shi. Don haka babbar tambaya ita ce, yaushe yake farawa?

Abin da Littafi ya nuna

A garuruwanmu akwai amsoshi iri-iri. Tsofaffi mata sukan ce cikin wata 1 ko 2 gudan jini ne, bai zama mutum ba sai ya motsa. Maƙwabtanmu Musulmi, malamansu da yawa suna koyar da cewa ana busa rai bayan kwana 120, waɗansu kuma sun ce 40. Likitoci su kuma suna fara kiran abin ciki daga ranar da ya kama jikin mahaifa. Mai bi fa?

Littafi Mai Tsarki bai ba mu lambar kwana ba. Mai Hadishi ma ya ce yadda ƙasusuwa suke girma a cikin mai ciki asiri ne daga cikin ayyukan Allah (11:5). Amma duk inda Littafin ya yi maganar ɗan da ke ciki, yana maganarsa kamar mutum wanda Allah ya sani. Dawuda ya ce Allah ne ya saƙa shi a cikin uwarsa, idon Allah kuwa ya gan shi tun bai yi siffa ba (Zabura 139:13-16). Ka lura, Dawuda bai ce Allah ya ga wani gudan jini wanda daga baya ya zama shi ba. Ya ce shi aka gani. Ayuba ya tuna wa Allah yadda ya daskarar da shi kamar cuku, ya tufasar da shi da fata da nama (10:8-12). Allah ya gaya wa Irmiya ya san shi tun kafin ya siffata shi (1:5).

Mafi girma duka, ka dubi Ubangijinmu. Mala'ika ya yi wa Maryamu albishir, sai ta tashi da hanzari zuwa gidan Alisabatu. Alisabatu tana da cikin wata 6, na Maryamu kuwa sabo ne, ba wanda zai gane shi da ido. Amma Yahaya ya yi motsi don murna a cikin uwarsa, Alisabatu kuma ta kira Maryamu uwar Ubangijinta (Luka 1:39-44). Ɗan Allah bai shigo duniya da girmansa ba. Ya fara daga inda kowane ɗayanmu ya fara. Wurin da Almasihu ya yarda ya zauna, wa zai ce ba kowa a wurin?

Abin da aka gani da madubin likita

Yanzu bari mu faɗi yadda abin yake faruwa, ba tare da kunya ba, gama aikin Allah ne. Sau ɗaya a wata jikin mace yakan saki ƙwai ɗaya, ƙarami kamar ɗigon tsinin allura. Wannan ƙwai yana rayuwa wajen yini da kwana ɗaya. Irin namiji kuwa yana iya jira a jikin mace har kwana 5. In sun haɗu, a cikin wata siririyar hanya suke haɗuwa, tsakanin ma'ajiyar ƙwai da mahaifa. Daga wannan haɗuwa sabon abu ya samu, wanda ba uban ba ne, ba kuwa uwar ba. A ranar an riga an ƙayyade ko namiji ne ko mace, da irin jininsa, da kamannin da zai ɗauko. Sai ya gangara a hankali, yana rarrabuwa yana ƙaruwa, tsakanin kwana 6 zuwa 10 ya kama jikin mahaifa. Wajen mako 3 bayan haɗuwar, zuciya ta fara bugawa. A mako na 8 tsawonsa kamar dabino ɗaya ne, amma yana da yatsun hannu da na ƙafa.

Ka riƙe wannan lissafi, domin za mu komo gare shi: lokacin da mace ta ce al'adarta ta yi jinkirin mako 1, in ciki ne, zuciyar yaron tana gab da bugawa ko ta riga ta fara.

Akwai masu bi na kirki da suke cewa mutum yana farawa daga kama mahaifa. Dalilansu ba na wasa ba ne. Suna cewa da yawa daga cikin ƙwan da suka haɗu ba su kamawa, sukan wuce da jinin wata, uwar ma ba ta sani ba. Suna cewa kuma a makonni 2 na farko ɗaya yana iya rabuwa ya zama tagwaye. Gaskiya ne. Amma yawan mutuwa ba ya mai da mai rai ba kowa ba. A shekarun yunwa da ƙyanda yara da yawa ba su kai yaye ba, ba wanda ya ce su ba mutane ba ne. In kuwa ɗaya yana iya zama biyu, wannan bai nuna ba kowa a wurin ba.

Maharbi in ya ga ciyawa tana motsi da asuba, bai tabbatar ko barewa ce ko ɗan maƙwabcinsa ba, ba ya sakin kibiya. Haka mu ma. Tun da daga haɗuwar nan babu wata rana da za a nuna a ce yau wani sabo ya shigo, sai dai girma kan girma, hanyar da ta fi aminci ita ce mu girmama shi tun daga ranar farko.

Manomi yana yin abu biyu domin hatsinsa ya sami wuri. Yana ba da tazara ran shuka, bayan tsiro kuma yana yin cira, ya tumɓuke waɗansu domin sauran su yi ƙarfi. A gonar 'ya'ya, an ba mu na farko. Na biyu ba a ba mu ba. Iri a rumbu naka ne, ka shuka bana ko ka jira baɗi. Abin da ya tsiro kuwa na Ubangiji ne (Fitowa 20:13).

Mu auna hanyoyin ɗaya ɗaya

Tun 1988 dokar Nijar ta halatta magungunan tazara, a 2006 kuma gwamnati ta sa a riƙa ba da su kyauta a likitocinta. Amma abin da doka ta halatta sai mai bi ya sake auna shi. Ma'auninmu ɗaya ne: wannan hanya tana hana haɗuwa ne, ko tana kawar da abin da ya riga ya haɗu?

Shayarwa. Wannan ita ce hanyar da Allah ya sa a jikin uwa. Tana tsare mace in abu 3 sun cika tare: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ruwa ba kunu, al'ada kuma ba ta dawo ba. In haka ne, cikin mata 100 wajen 2 ne suke ɗaukar ciki. In ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, kāriyar ta ragu, sai a nemi wata hanya.

Lissafin kwanaki. Ana ƙirga daga ranar da jini ya fara. Daga rana ta 8 zuwa ta 19 ma'aurata su haƙura. Akwai zaren duwatsu 32 mai kama da carbi da ake bayarwa domin ƙirgar. Yana yi wa matar da watanta yake zuwa tsakanin kwana 26 da 32. Bai dace da mai goyon da al'adarta ba ta daidaita ba. Cikin ma'aurata 100, wajen 12 sukan sami ciki a shekara. Yana bukatar miji mai kamun kai.

Kwaroron roba. Shinge ne kawai, iri ba ya wucewa. Ba ya taɓa rai ko kaɗan. Wajen 13 cikin 100 sukan sami ciki a shekara, yawanci don ba a sa shi kowane lokaci ba. A gidan aure ba abin kunya ba ne.

Allurar wata 3. Tana hana jiki sakin ƙwai, tana kuma sa ruwan bakin mahaifa ya yi kauri, iri ya kasa wucewa. In ba ƙwai, ba haɗuwa. In ba haɗuwa, ba wanda aka kashe. Mata da yawa jininsu yakan rikice, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Ba taruwa yake yi a ciki ba, jikin ne bai shirya shi ba, kamar yadda yakan ɗauke wa mai goyo. In an daina, ciki yana iya jinkiri watanni, wani lokaci har shekara, amma allurar ba ta mai da mace bakarariya.

'Yar sandar dantse. Kamar tsinken ashana take, ana sa ta ƙarƙashin fata. Mai sanda 1 tana aiki shekara 3, mai sanda 2 shekara 5. Ita ma hana sakin ƙwai da toshe wa iri hanya ne aikinta. Ba a kai mace 1 cikin 100 da take ɗaukar ciki da ita ba. Ran da aka cire, haihuwa takan dawo da wuri.

Ƙwayar sha kullum, wadda mukan ce kinin tazara. Babban aikinta hana sakin ƙwai ne, in ana shan ta kowace rana ba fashi. Akwai irin ta masu goyo dabam, sai a faɗa wa ungozomar likita cewa ana shayarwa. A nan waɗansu masu bi suke da damuwa. Ƙwayar tana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri, sai suka ce, in wata rana ƙwai ya kuɓuce ya haɗu, ba zai sami wurin kamawa ba. Masu bincike sun neme shi, ba su tabbatar haka yana faruwa ba. Mata da yawa da suka manta shan ƙwayar sun ɗauki ciki, sun kuma haifi 'ya'yansu lafiya. Shayarwa ma tana sāke yanayin mahaifa a watannin farko da al'ada ta dawo, ba kuwa wanda ya ce ba da nono zunubi ne.

Abin da ake sa wa cikin mahaifa, wanda ma'aikatan likita suke kira sitarile. Mai jan ƙarfe yana aiki shekara 10. Bincike ya nuna jan ƙarfen yana kashe ƙarfin irin namiji tun bai kai ga ƙwai ba, wannan ne babban aikinsa. Amma an san in aka sa shi cikin kwana 5 bayan saduwa yana hana ciki, ko da a ce haɗuwa ta riga ta faru. Wato yana da ikon hana kamawa. Saboda haka, ga wanda ya gaskata rai yana farawa daga haɗuwa, wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da iyaka. Ni shawarata, tun da akwai waɗansu hanyoyi masu ƙarfi da ba su da wannan tambaya, a fara da su. Amma in likita ya ce jikin wata 'yar'uwa ba ya ɗaukar sauran, wani cikin kuma zai iya kashe ta, ba zan jefe ta da dutse ba.

A irin wannan wuri Romawa 14 ce fitilarmu. Kowa ya tabbata a zuciyarsa. Wanda ya yi abu yana shakka, ya yi wa lamirinsa rauni. In zuciyarki ba ta kwanta da ƙwaya ba, 'yar'uwa, kada ki sha, ki ɗauki wata hanya. In ta kwanta, ki sha da godiya. Kada mai lissafin kwanaki ya rena mai allura, kada mai allura kuma ya yi wa mai lissafi dariya.

Abin da ya kamata mu ji tsoro

Ga abin baƙin ciki. Muna gudun allurar da take aiki kafin rai ya fara, amma ba mu gudun abin da yake aiki bayan ya fara. Mace ta ga wata ya wuce, jini bai zo ba, ga yaro a baya bai yi tafiya ba. Tsoro ya kama ta. Sai wata ta ce mata, ai jini ne ya tsaya, sha wannan ya sauko. Ko saiwa, ko jiƙo mai ɗaci, ko ƙwayoyi daga faifan mai tallar magani a kasuwa. Ba wanda ya kira abin da sunansa. An ce wankin ciki ne.

Ka tuna da lissafinmu. In ciki ne, jinkirin mako 1 yana nufin zuciya tana gab da bugawa ko ta riga ta fara. Wannan ba tazara ba ce, cira ce. Ga kuma hatsari ga uwar: zubar jini da ba ya tsayawa, ruɓar mahaifa, rashin haihuwa har abada, ko mutuwa a kan amalanke kafin a kai likita.

Al'ada takan yi jinkiri don dalilai da yawa: goyo, yunwa, ciwo, wahala, ko allura. Kada ki sha kome don ki saukar da jini. Ki tafi a yi miki gwajin fitsari, ba ya daɗewa. In ba ciki ba ne, hankalinki ya kwanta. In ciki ne, baƙo ya riga ya shigo gida, sai a shimfiɗa masa tabarma. Kada kuma ki cire na baya daga nono rana ɗaya. Nonon mai ciki ba dafi ba ne. Ki ci gaba da ba shi, ki ƙara masa kunu da ƙuli-ƙuli da zogale, maigida kuma ya ƙara miki abinci ya rage miki aiki.

Rigakafi ya fi magani. Yawancin matan da suka sha jiƙon nan, da an bar su sun nemi tazara tun da wuri, da ba su kai ga wannan ba. Mijin da ya hana matarsa allura don tsoron zunubi, ya kuma ƙi kame kansa, shi ne ya tura ta bakin ramin.

Gare ku, mazaje

Mata da yawa suna karɓar allura a ɓoye, suna ɓoye katin a gidan maƙwabciya. Wannan bai dace da gidan Kirista ba, gama su biyu jiki ɗaya ne. Amma me ya sa ta ɓoye? Don ta san in ta yi magana, za a ce tana son bin maza ne. Ɗan'uwa, an umarce ka ka ƙaunaci matarka kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya, ka kula da ita kamar jikinka (Afisawa 5:25-29). Bitrus ya ce ka zauna da ita da sanin ya kamata, in ba haka ba addu'arka za ta sami cikas (1 Bitrus 3:7). Kai ne za ka fara maganar. A jihar Damagaram an buɗe makarantun mazaje tun wajen 2008, inda magidanta suke zama su tattauna lafiyar matansu. Bai kamata masu bi su zama na baya a wannan ba.

Ku yi addu'a tare. Ku tambayi kanku dalili: don rai da lafiya da tarbiyyar yara ne, ko don son jiki? Sa'an nan ku tafi likita tare, ko ta gwamnati ce, ko Galmi, ko Danja. Ku yi wa ma'aikaci tambaya 3: Yaya wannan yake aiki, kafin haɗuwa ko bayanta? Me zai sāke a jikinta? In muna son ciki, yaya za mu daina? Kada ku sayi irin wannan magani a faifan da ya yini a rana. In kuma kun yi iyakar ƙoƙarinku, ciki ya zo duk da haka, ku karɓe shi hannu biyu. Allah bai yi kuskure ba.

Ga masu raunin zuciya

'Yar'uwa wadda ta yi ɓari, ba laifinki ba ne. Yawancin ɓari yana faruwa ba da hannun kowa ba. Allah da ya ga Dawuda tun bai yi siffa ba, ya ga naki. Wadda cikinta ya zauna a waje da mahaifa, likita ya yi mata aiki, ba ta yi kisa ba. Wannan ciki ba ya iya rayuwa, in an bar shi kuwa zai tafi da uwar. Wadda ba ta taɓa haihuwa ba, tana jin wannan magana da hawaye, darajarta a gaban Allah ba ta ragu ba, kada kuwa mijinta ya sa ta kuka.

Ke kuma da kika sha abin nan, ko kai da ka sayo shi, kuna ɗauke da shi shekaru ba wanda ya sani: Yesu ya sani, bai kuwa juya muku baya ba. Dawuda ya zub da jinin marar laifi, ya tuba, aka gafarta masa (Zabura 51). In mun faɗi zunubanmu, Allah mai aminci ne, zai gafarta ya tsarkake (1 Yahaya 1:9). Ku zo gare shi yau. In nauyin ya yi yawa, ku nemi fasto ko dattijuwa mai riƙe asiri, ku yi addu'a tare.

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ne ka siffata mu a ɓoye, ka san mu tun ba wanda ya san mu. Mun gode maka don 'ya'yan da ka ba mu amana. Ka ba mu hikima mu lura da lafiyar iyayensu mata. Ka tsare hannuwanmu daga taɓa ran da ka fara. Ka sa gaskiya da ƙauna tsakanin miji da mata. Ka gafarta mana abin da ya wuce, saboda jinin Ɗanka. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

In ka gama karanta wannan takarda, ka karanta wa matarka. In ke ce kika fara samunta, ki ba maigida.